Idlewild: Inda Shirun OutKast Ya Faro

Tun watan Nuwamban 2023 da André 3000 ya saki New Blue Sun, albam na kusan awa ɗaya da rabi da babu baitin gambara ko ɗaya a cikinsa sai busar sarewa, muhawara a kan OutKast, ƙungiyar gambarar Amurka ta mutum biyu da yake ciki, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa ya juya wa masoyansa baya, ya bar abokinsa Big Boi da kayan ɗauka shi kaɗai. Wasu na cewa mutum ya kai shekara 48, ai sai a bar shi ya yi abin da ransa ke so. Da aka shigar da su zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a Nuwamban 2025, maganar ta sake tashi, domin André ya hau dandamali ya yi jawabi mai sosa rai, amma da aka zo rera waƙoƙin, Big Boi ne ya riƙe makirufo tare da wasu mawaƙa. Matasan da suka san su ta intanet suna tambaya kamar jiya abin ya faru: me ya raba su?

Ni dai a ganina tambayar ce ta zo a makare. Wanda duk ya zauna ya saurari albam ɗinsu na ƙarshe, wanda suka yi wa fim ɗinsu mai suna Idlewild a 2006, ya riga ya ji amsar shekaru da yawa kafin a fara tambaya. Sai dai shi ne albam ɗin da aka fi tsallakewa idan ana ba da tarihinsu.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. André Benjamin (André 3000) da Antwan Patton (Big Boi) 'yan makarantar sakandare ɗaya ne a East Point, gefen birnin Atlanta a jihar Jojiya. Sun koyi sana'a a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Dungeon, hannun Rico Wade da abokan aikinsa masu haɗa kiɗa na Organized Noize. Albam na farko ya fito a 1994, lokacin da ake ganin waƙar gambara ta New York ce da Los Angeles, su kuwa mutanen jihohin kudancin ƙasar ƙauyawa ne. A bikin karramawa na mujallar Source na 1995 a New York aka ba su kyauta, jama'a suka yi musu ihu, André ya faɗi maganar nan da ta zama tarihi, cewa kudu ma tana da abin faɗa. ATLiens ya biyo baya a 1996, Aquemini a 1998, Stankonia a 2000. A 2003 suka fitar da Speakerboxxx/The Love Below, faifai biyu a kwali ɗaya, kowa da nasa, wanda ya lashe kyautar Grammy ta albam mafi kyau na shekara a 2004.

Mafi yawan masu ba da labari nan suke tsayawa, su ce faifai biyun nan su ne alamar rabuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma a lokacin an ɗauke shi gwaji ne, kuma gwajin ya ci riba fiye da duk abin da suka taɓa yi. Wanda ya ci kasuwa ba ya tunanin ya yi kuskure. Inda aka gwada ko za su iya komawa tukunya ɗaya shi ne aikin da ya biyo baya.

Mawaƙan kudu sun daɗe suna haɗa fim da albam. Master P na New Orleans ya yi I'm Bout It a 1997, mutanen Cash Money suka yi Baller Blockin' a 2000, Three 6 Mafia na Memphis suka yi Choices a 2001. Duk waɗannan fina-finan unguwa ne masu arha, ana sayar da su a kaset da faifai, kuma kowa ya san albam ɗin ne uwa, fim ɗin talla ne kawai. Mu da muka taso da fina-finan da waƙa ke jan kasuwarsu ba za mu yi mamakin wannan tsari ba. OutKast kuwa sun ɗauko abin da ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba: fim na rawa da waƙa mai manyan 'yan wasa, wanda labarinsa ya faru a 1935 a wani ƙirƙirarren gari mai suna Idlewild a Jojiya, zamanin giyar ɓoye da gidajen rawa na baƙar fata. Bryan Barber, wanda ya shirya musu bidiyon "Hey Ya!" da "The Way You Move", shi ya rubuta kuma ya ba da umarni. Akwai Terrence Howard a ciki, da Ving Rhames, da Cicely Tyson, da Ben Vereen, da Patti LaBelle. Sunan garin ma ba a banza aka zaɓe shi ba, domin akwai Idlewild na gaske a jihar Michigan, wurin shaƙatawa da baƙar fata suka raya wa kansu a zamanin da ake hana su shiga na turawa.

A duba rawar da kowannensu ya taka. André shi ne Percival, ɗan mai gidan shirya gawa, mai kunya, da rana yana yi wa mamata kwalliya tare da mahaifinsa, da dare yana kaɗa fiyano a bayan dandamali, yana rubuta waƙoƙin da ba ya son kowa ya ji. Big Boi shi ne Rooster, gwanin dandamali, mai iyali, wanda gidan rawar ya faɗo a wuyansa da bashinsa da rigimarsa. Abokai ne tun yarinta, amma wuraren da aka haɗa su a fage ɗaya cikin fim ɗin ba su da yawa, kowa labarinsa na tafiya a layinsa. A ƙarshe Percival ya bar garin ya tafi Shikago, Rooster ya zauna. Ban ce da gangan suka rubuta tarihin gobensu ba. Amma idan mutum biyu suka zaɓi su fito a irin wannan siffa a gaban duniya, ɗaya mai son fage, ɗaya mai gudunsa, to sun faɗi abin da ke ransu, ko da ba su faɗa wa 'yan jarida ba. A lokacin ma André ya riga ya daina zagayen wasanni, duk da cewa albam ɗin 2003 ya ba su damar cika kowane filin wasa a duniya.

Sai batun lokaci, wanda nake ganin shi ne ya fi komai illa. An ɗauki fim ɗin a Wilmington ta jihar North Carolina a 2004, lokacin da "Hey Ya!" ke bakin kowa. Da farko ma don talabijin aka tsara shi, daga baya aka mayar da shi na silima. Aka yi ta ɗage ranar fitowarsa, har sai 25 ga Agustan 2006, albam ɗin kuma ya riga shi da kwana 3. Wannan tazara ta haifar da wani abu mai rikitarwa. Da yawa daga waƙoƙin da ake rerawa a cikin fim ɗin, irin su "Bowtie" da "Church" da "She Lives in My Lap", na albam ɗin 2003 ne, domin su ne a hannu lokacin ɗaukar fim. Shi kuwa sabon albam, mai ɗauke da abubuwa 25 har da guntayen hira, yawancinsa ba a ji shi a fim ɗin ba. Wanda ya fito daga silima ya sayi faifan bai sami abin da ya gani ba, wanda kuma ya fara sayen faifan ya tafi silima ya tarar da tsofaffin waƙoƙi. Albam ɗin ya tsaya tsakiya, bai zama cikakken kiɗan fim ba, bai kuma zama albam na shida da masoya suka shekara uku suna jira ba.

A cikin waɗannan shekaru biyu kasuwa ta sauya fuska. Kudun da suka buɗe wa ƙofa ta shigo da ƙarfinta, amma da wata irin murya. Young Jeezy ya fito a 2005 da gambarar titi mai nauyin ganga, T.I. ya saki King a farkon 2006, waƙar D4L mai suna "Laffy Taffy" ta hau saman jadawalin Billboard a Janairun shekarar. A watan Maris, Three 6 Mafia suka ɗauki kyautar Oscar da waƙar da suka yi wa fim ɗin Hustle & Flow, wato kambun haɗa gambarar kudu da silima ya riga ya tafi Memphis wata 5 kafin Idlewild ya iso. Kuɗi ya koma wajen waƙa guda da ake saukewa a kwamfuta da kiɗan kiran waya na daƙiƙa 30. Shagunan faifai na ta rufewa. A cikin watan nan na Agusta ne kamfanin shagunan Tower Records ya shiga kotu kan karayar arziki. A irin wannan yanayi aka kawo wa jama'a faifai na fiye da minti 70, cike da fiyano da kakakin turawa da salon kiɗan kakanni. Albam ɗin 2003 ya sayar da sama da kwafi 500,000 a makon farko. Idlewild ya sayar da kusan 196,000, ya tsaya a mataki na 2. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 12. Ga wani mawaƙin wannan nasara ce, ga OutKast kuwa aka kira shi faɗuwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda lissafin kasuwa ya rufe abin da ke cikin faifan. "Morris Brown" André ne ya haɗa kiɗanta, Big Boi ya hau kai, da gangunan 'yan faretin kwalejin Morris Brown, tsohuwar makarantar baƙar fata ta Atlanta wadda a lokacin take cikin mawuyacin hali bayan ta rasa izinin hukuma. Wannan waƙa kaɗai ta isa shaida cewa hannunsu bai mutu ba. "Mighty O" ta ɗauko amshin Cab Calloway na shekarun 1930 ta ɗora masa baitocin mutum biyun a jere, kamar da. "Hollywood Divorce" ta tara su da Snoop Dogg da Lil Wayne, kuma a nan Wayne ya yi kukan garinsu New Orleans da guguwar Katrina ta cinye shekara guda kafin nan. A wannan faifai ne mutane da yawa suka fara jin muryar wata yarinya mai suna Janelle Monáe, wadda Big Boi ya ɗauko.

Amma a ƙirga waƙoƙin da su biyun suka yi baiti tare, ba za su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk kowa da ɗakinsa. Big Boi na gambara da zafinsa kamar wanda ke riƙe da gida kada ya rushe, André kuma yawanci rerawa yake yi, yana bin blues da jazz. Akwai wata waƙarsa mai dogon suna, "Chronomentrophobia", ma'anarta tsoron agogo, kuma a fim ɗin an nuna Percival kwance a ɗaki bango cike da agogo suna masa amshi. Mutumin da yake ɗan shekara 31, yana kan ganiyarsa, yana waƙar fargabar wucewar lokaci. Da ya zo a 2023 yana gaya wa 'yan jarida cewa bai san abin da zai yi gambara a kai ba a shekarunsa, mutane suka ɗauka sabuwar magana ce. Shekara 17 ke nan da ya fara faɗarta, da kiɗa.

Shi ya sa ban yarda da masu neman wanda za su ɗora wa laifi ba. Babu rahoton faɗa tsakaninsu, babu zagi a waƙa, babu shari'a, abin da ba kasafai ake samu ba idan ƙungiyar gambara ta watse. Yara biyu ne da suka fara aiki suna 'yan shekara 17, suka girma, ɗaya ya gane dandamali ne gidansa, ɗaya ya gane ba nasa ba ne. Fim ɗin ya zo ya ba kowa riga daidai jikinsa, jinkiri ya sa aikin ya iso bayan kasuwa ta tashi, sanyin karɓar da aka yi masa kuma ya cire matsin da zai iya tilasta musu komawa ɗakin ɗaukar murya. Da Idlewild ya sayar kamar na 2003, wataƙila da an ja su sun yi na bakwai ko suna so ko ba sa so, kuma ban tabbata hakan zai yi mana daɗin ji ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. A 2007 sun fito tare a waƙar UGK mai suna "Int'l Players Anthem", wadda DJ Paul da Juicy J na Three 6 Mafia suka haɗa kiɗanta. Big Boi ya fara fitar da albam nasa shi kaɗai daga 2010. André ya yi shirin zane na yara a talabijin, ya fito a matsayin Jimi Hendrix a fim, yana jefa baiti ɗaya-ɗaya a waƙoƙin wasu. A 2014 suka yi zagayen cika shekara 20, bukukuwa sama da 40, suka fara da Coachella, ba tare da sabuwar waƙa ko ɗaya ba. Rico Wade, wanda a ɗakinsa komai ya fara, ya rasu a watan Afrilun 2024. Har yau Idlewild ne albam na ƙarshe da ke ɗauke da sunan OutKast.