Masu son koyon ginin yumɓu, ga amsar tambayoyinku

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita mini duk lokacin da sabbin ɗalibai suka shigo zauren da muke koyar da ginin yumɓu. Na tara su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a zo.

Sai na iya zane kafin in fara?

A'a.

Me zan zo da shi?

Tsohuwar riga, tsumma da leda. A yanke farce. Sauran kayan muna da su.

Yaushe za a ɗora ni a kan injin juya tukwane?

Ba shi muke koyarwa ba, kuma ku daina yi wa ginin hannu kallon aikin 'yan koyo. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, da hannu ta koyi gini a wurin gwaggonta, tana murza yumɓu tana ɗora shi zobe kan zobe. Sai a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma manyan tulunan da suka kai sunanta Ingila da hannu ta gina su. Matan Ushafa da na Mirya kusa da Damagaram har gobe da hannu suke yi.

Zan iya ɗebo laka a bayan gidanmu?

Gwada ta. Murza ta siririya, ka naɗe a yatsa. In ta karye, yashi ya yi mata yawa. In ta naɗu, kawo mu gasa ɗan guntu mu gani.

Me ya sa aikina ya tsage, ko ya fashe a wuta?

To, nan kam sai an zauna, don amsar ba ɗaya ba ce, kuma sau da yawa sai na riƙe abin a hannu kafin in ce komai. Galibi dai ruwa ne. Yumɓu yana iya bushewa ta waje alhali cikinsa da danshi. Da zafi ya kai digiri 100 ruwan ya zama tururi, in bai sami hanyar fita ba sai ya tarwatsa aikin, har ya ɓata na maƙwabci. Shi ya sa nake cewa kada kauri ya wuce na babban yatsa, kuma duk abin da aka gina dunƙule a rarake cikinsa a bar masa ƙaramar kafa. Don sanin ko ya bushe, ka kara shi a kumatunka. In ka ji sanyi, da saura. Amma wannan gwajin ma yana ruɗin mutum da damina, lokacin da komai ke da sanyi, saboda haka a ƙara masa kwanaki.

Tsagewa kuma ta fi faruwa tun kafin a je wuta. Yumɓu yana tsukewa in yana bushewa, wani kusan kashi ɗaya cikin goma, wani ƙasa da haka. In baki ya riga gindi bushewa, ko mariƙi ya riga jiki, dole wani wuri ya buɗe. Da hunturu abin ya fi muni: iska kan busar da bakin tukunya cikin dare guda. A rufe da leda, a ajiye a inuwa, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. In kuwa tsagar ta bi daidai inda aka haɗa guda biyu, to mai yiwuwa ba a karce wurin an shafa kwaɓin yumɓu ba, ko ɗaya ya fi ɗaya laushi lokacin haɗawa. Wani lokacin laifin yumɓun ne, ya cika santsi, sai an daka tsingaron tsohuwar tukunya an gauraya, kamar yadda maginan gargajiya ke yi. Akwai kuma laifin mai gashi: wajen digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke ciki suna kumbura farat ɗaya, in an yi gaggawar hura wuta ko huce ta a nan, aiki mai kyau ma yana iya tsagewa. Saboda haka kada ki yi kuka, 'yar'uwa, ba lallai hannunki ne ba. Kawo guntayen mu duba tare.

Ba za a iya gasa mini nawa gobe ba? Kyauta zan bayar.

Ba za a iya ba. Ba zan sa ɗanyen aiki kusa da na mutane ba.

Dole ne in gina siffar mutum ko dabba?

Ba dole. Masu sha'awa su je gidan tarihi na Jos su ga kawunan yumɓu na mutanen Nok na dā, waɗanda suka haura shekara 2,000. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba saboda addini ya tambayi malaminsa, ni kuma in koya masa tulu, kaskon turare, asusu da tandar waina. Aikin ba ya ƙarewa.

Me ya sa randata take tsattsafo?

Haka ake so. Tsattsafon nan ne ke sanyaya ruwa.

Zan iya shafa fenti in ci abinci a ciki?

Kul! Fenti na ado ne kawai. Ruwan ƙyalli ma, wato wanda ake shafa wa tukunya a gasa ta da shi, sai wanda muka tabbatar babu dalma a cikinsa.

Wa ke share zaure?

Ku. Kuma da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. Ƙurar busasshen yumɓu tana zama a huhu, ba ta fita, kuma yara suna shigowa nan ranar Asabar.