Bayan bankrofsi a Amurka: in sake karɓar katin bashi ko in haƙura?

Wannan magana ta 'yan uwanmu ce mazauna Amurka, masu tuƙin tasi da Uber a Bronx, da mata masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, da duk wanda bashi ya yi wa katutu har ya kai kansa kotun tarayya ya ce ya karye, kotu ta sauke masa nauyin, abin da ake kira bankrofsi kenan. Abu ne da mutanenmu ba sa son a ji, ana ɓoye shi kamar abin kunya, shi ya sa ma wanda abin ya sama sai ya rasa wanda zai tambaya. Ga tambayoyin da suka fi yawo da abin da nake gani a kansu.

Wai za su ma sake ba ni kati bayan na karye?

Za su ba ka mana, su ne ma za su biyo ka har gida. Kotu na sallamarka, ba a daɗewa za ka fara ganin wasiƙu a akwatinka, wai an zaɓe ka, wai ka cancanta. Dan Allah kar ka ɗauka tausayinka suke ji. Shari'ar bankrofsi a buɗe take, kowa na iya ganin sunanka, kuma sun san abu biyu game da kai: tsofaffin basussukan sun tafi, albashinka ya samu sarari kenan, sannan wanda ya yi Cafta 7, wato irin bankrofsin da ake wanke bashin ba tare da tsarin biya ba, doka ba za ta sake wanke shi ta wannan hanyar ba sai bayan shekara 8 daga ranar da ya shigar da ta farko. Ma'ana in ka sake faɗawa yanzu ba ka da wajen gudu, su kuma sun san haka sarai. Sai dai bankin da ya yi asara a cikin bankrofsinka, shi kam sau da yawa ba zai sake kallonka ba, kar ka ɓata lokaci a kansa.

To yaushe ne ya halatta in nema?

Ya danganta da wacce ka yi. In Cafta 7 ce, wajen wata 4 zuwa 6 an gama, takardar sallama ta fito, daga nan ba mai hana ka. In kuma Cafta 13 ce, wadda ake tsara maka biya na shekara 3 zuwa 5, toh ba ka da ikon cin sabon bashi sai da izinin wakilin da kotu ta naɗa ko ita kotun kanta, in ka yi gaban kanka ana iya watsar da shari'ar gaba ɗaya masu bin ka bashi su dawo kanka. 

Ni fa na tsani katin nan, ba zan iya rayuwa da katin ATM ɗina kawai ba?

Za ka iya, akwai masu yi, kuma ni ina ganin girmansu. Amma ka san abin da ka zaɓa. Katin cire kuɗinka na banki ba ya rubuta maka komai a wajen kamfanoni ukun nan da ke ajiye tarihin bashin kowa, Equifax da Experian da TransUnion, ko shekara goma ka yi kana amfani da shi. Shi kuma bankrofsi yana zaune a rahotonka, Cafta 7 shekara 10, Cafta 13 shekara 7. To in ba wani sabon abu mai kyau da ke shiga, duk wanda ya buɗe fayil ɗinka abin da zai gani kenan, mutum ya karye, daga nan shiru.

Kuma a ƙasar nan masu buɗe fayil ɗin suna da yawa. Mai gidan haya zai duba kafin ya ba ka makulli, dilan mota zai duba, a jihohi da dama har masu inshorar mota suna dubawa su ƙara maka kuɗi, kai har kamfanonin da ke sayar da gida ta tsarin Musulunci irin su Guidance Residential sai sun ga makinka. Makin FICO, wato makin da ake auna yadda kake biyan bashi da shi, daga 300 yake zuwa 850, kashi 35 cikin ɗari na lissafinsa biya a kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan abin da ake bin ka idan aka gwada da iyakar da aka ba ka. Wanda yake burin sayen gida da lamunin FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, shekara 2 kawai ake jira bayan sallamar Cafta 7, amma fa sai an ga me ya yi a cikin shekara biyun nan.

Wane iri zan karɓa kenan?

Katin jingina, guda ɗaya tak. Wato kai ne za ka ajiye musu kuɗinka, yawanci daga dala 200, su ba ka kati mai iyakar daidai abin da ka ajiye. Ba za ka iya nutsewa a ruwan da bai wuce idon sawu ba. In ka riƙe shi da kyau wasu bankunan da kansu suke mayar maka da ajiyarka su mai da shi katin gama-gari. Kafin ka sa hannu ka tambaye su ko suna kai rahoto wa kamfanoni ukun nan duka, in ba sa kaiwa aikin banza ne.

Waɗancan na cikin wasiƙa kuwa ka karanta ƙananan rubutun da ke bayan takardar, can suke ɓoye kuɗin shekara da kuɗin wata da kuɗin buɗewa. Dokar katin bashi ta 2009 ta hana su cin fiye da kashi 25 na iyakar katin a shekarar farko, to wasunsu daidai nan suke tsayawa, a ba ka katin dala 300 ka buɗe ambulan ka tarar an riga an zare 75 tun ba ka sayi ko ruwan sha ba.

Ya zan yi amfani da shi kar in koma gidan jiya?

Ka ɗora masa abu ɗaya wanda dama kana biya duk wata, misali kuɗin waya, ka saita banki ya riƙa cire kuɗin gaba ɗaya daga akawun ɗinka kafin ranar biya, sai ka jefa katin a durowa, kar ya kwana a walat ɗinka, kar ka sa shi a cikin waya. In iyakarka 300 ce kar abin da zai fito a takardar wata ya wuce 90, in ma 30 ne ya fi. Akwai wata magana da ke yawo wai sai ka bar ɗan saura ana ɗora ruwa sannan maki yake hawa, ƙarya ce wallahi, wanda ya biya duka makinsa na hawa kuma bai ba su ko sisi ba.

Abin da ke kashe mutane shi ne biyan mafi ƙarancin nan da suke rubutawa da manyan baƙi. Ruwan katin bashi a Amurka a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20 a shekara, na wanda ya fito daga bankrofsi ma ya fi haka. Yi lissafi da kanka, dala 3,000 a kan kashi 24, duk wata dala 60 ce ruwa kaɗai, kai kana ganin kana biya alhali uwar kuɗin da ƙyar take motsi.

Maganar riba fa, ya halatta ma kuwa?

Nan ba wajen wasa ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Riyad a shekarar 2000 ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da aka shardanta ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a Turai da Amurka kuma sun yi sassauci saboda lalura, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya duka a kan lokaci. Ka ga ko a wajen masu sassaucin ma sharaɗin nan shi ne ginshiƙi, kuma wanda ya taɓa kasa biya shi ya fi kowa cancantar ya tsaya ya tambayi kansa tsakani da Allah. Ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa wanda ya san zaman ƙasar. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka bari, akwai hanyar sa a riƙa kai rahoton kuɗin hayarka, kuma wasu masu gidan suna karɓar ƙarin kuɗin ajiya ko takardun albashi a madadin maki.

Wane ne kake ganin bai kamata ya karɓa ba sam?

Wanda abin da ya kayar da shi yana nan bai gusa ba. Ni a wajena wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran. In ciwo ne ya kwantar da kai asibiti suka turo takardar dubban daloli, ko aiki ne ya tsaya, ko aure ne ya mutu ya tafi da rabin abin hannunka, kuma yanzu ka miƙe kana da abin shiga, toh kati ɗaya na jingina ba zai cuce ka ba.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawanmu ba haka muka faɗi ba. Waya ce daga gida ƙarfe uku na dare, Hajiya ba lafiya, ƙani zai yi aure, ga kuɗin makaranta, ga ragon layya, ga ginin da aka fara ya tsaya a linta, kai kuma ba ka iya cewa babu saboda ai kana Amurka, sai ka zaro kati. Kuma tura kuɗi gida da katin bashi bankuna da yawa suna lissafa shi a matsayin cire tsabar kuɗi ne, akwai caji nan take, ruwansa ya fi na sayayya, kuma daga ranar yake fara hawa babu wani jinkiri. In har yanzu ba ka iya ce wa 'yan gida wannan watan ga iya abin da zan iya ba, ɗan uwa kar ka karɓi katin nan tukuna, ba don kai mugun mai kashe kuɗi ba ne, don tausayinka ya fi aljihunka ne kuma banki ba ruwansa da wannan. Ka fara tara ko dala 1,000 a gefe saboda ranar da mota za ta lalace, ka shiga adashi da mutanen da ka sani, ka yanke abin da za ka riƙa turawa duk wata ka sanar da su. Haka wanda caca ta waya ta kama, shi kam ko na jinginar ma ya nisance shi.

Akwai masu cewa in biya su za su goge min bankrofsin daga rahoto, gaskiya ne?

A'a. Abin da yake gaskiya ne a rahotonka ba mai iya goge shi kafin lokacinsa, kuma dokar tarayya ta hana masu gyaran kiredit karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Masu cewa za su ba ka wata sabuwar lamba ka riƙa sawa a madadin lambar soshiyal ɗinka, wato lambar Social Security da gwamnati ta ba ka, kuwa, wannan zamba ce da ke iya kai ka kurkuku, ga wanda takardunsa na zama ba su gama nuna ba kuma abin ya fi muni. Abin da za ka iya yi da kanka kyauta shi ne ka shiga AnnualCreditReport.com wata biyu ko uku bayan sallama ka ciro rahotanni ukun, ka bi tsofaffin basussukan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda kotu ta wanke ya kamata ya nuna sifili da bayanin cewa ya shiga bankrofsi. In ka ga wanda har yanzu yake nuna ana bin ka, ka rubuta ƙorafi zuwa kamfanin da ya fitar da rahoton, ka haɗa da kwafin takardar sallamarka, galibi kwana 30 doka ta ba su su bincika su ba ka amsa.