Newton Bai Ce Duniya Agogo Ce Mai Tafiya da Kanta Ba

An daɗe ana jingina wa masanin kimiyyar nan ɗan Ingila, Isaac Newton, cewa shi ya mai da sararin samaniya tamkar agogo, wai Allah Ya wana shi sau ɗaya Ya bar shi yana tafiya da kansa. Newton kuwa bai yarda da haka ba.

A lissafinsa, duniyoyin da ke kewaya rana suna jan junansu, kuma wannan ɗan jan yana taruwa a hankali har tsarin ya karkace, sai Mahalicci Ya daidaita shi. Wannan ne ma ya sa Bajamushen masanin falsafar nan Leibniz ya yi masa ba'a a wasiƙarsa ga Gimbiya Caroline, matar yarima mai jiran gadon sarautar Birtaniya, a 1715, ya ce ashe Ubangijin su Newton bai iya ƙera agogon da ba ya bukatar gyara ba. Samuel Clarke, abokin Newton, ya mayar da martani mai kaifi: sarkin da ƙasarsa ke tafiya ba da sa hannunsa ba, sarki ne a suna kawai. Suna cikin wannan musayar wasiƙu Leibniz ya rasu a 1716.

Sai daga baya masanin lissafi Laplace na Faransa ya nuna karkacewar duniyoyin Jupita da Zuhal (Saturn) tana juyowa ta koma daidai da kanta.