Ƙungiyar 'yan rola: shiga, rajista da fita tare

Ƙungiyar 'yan rola taro ne na masu hawa takalmin taya, irin wanda tayoyinsa uku ko huɗu ke jere a layi ɗaya ƙarƙashin ƙafa, waɗanda ke haɗuwa a rana sananniya su fita yawo tare dan nishaɗi da motsa jiki, ba dan gasa ko kofi ba. A Garwa da Marwa da Ngaundere da Injamena an fi cewa rola, kalmar ta bakin Faransanci ta shigo mana, wasu kuma su ce takalmin taya kawai. Tafiyar da irin wannan ƙungiya ya ƙunshi sanin waye memba waye ɗan rakiya, karɓar kuɗin wata, raba aiki ranar fita, sai kuma babban cikinsu wato a tabbata adadin mutanen da suka tashi shi ne ya dawo.

Asali

Takalmin kansa tsoho ne fiye da yadda yaran yanzu ke zato. Ana danganta na farko da wani ɗan Beljiyam mai suna John Joseph Merlin wanda ya nuna shi a Landan wajen 1760, babu birki a jiki, ya shiga ɗakin biki a kai yana goga goge ya je ya daki wani ƙaton madubi ya ji ciwo. A 1819 aka yi wa wani samfuri mai layi ɗaya rajista a Faransa, sai a 1863 James Plimpton na Amurka ya fito da mai taya biyu gaba biyu baya, wannan shi ya riƙe kasuwa sama da shekara 100. Mai layi ɗaya ya dawo ne wajen 1980 ta hannun wasu 'yan'uwa biyu, Scott da Brennan Olson na jihar Minnesota, 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara ne masu neman abin atisaye idan ƙanƙara ta narke, daga nan kamfanin Rollerblade ya samo asali.

Fita a ƙungiyance kan titi kuwa birnin Faris ne ya yi suna da ita. Cikin shekarun 1990 wasu 'yan tsiraru suka fara yawon daren Juma'a wanda aka sani da Pari Roller, kafin shekarun su ƙare mutane dubbai ke fitowa a dare ɗaya, da masu sa kai sanye da riga ruwan ɗorawa suna tare mahaɗa, har da 'yan sanda su ma a kan rola. Ranar Lahadi da rana akwai wata fitar daban mai tashi daga dandalin Bastille wadda ta fi sauƙi, ta iyalai da masu matsakaicin hannu. Landan ma haka take, ta daren Juma'a mai gudu da ta Lahadi mai tafiya a hankali daga Hyde Park. Wannan rabon gida biyu shine abu mafi amfani da ƙananan ƙungiyoyi suka ɗauko daga wajensu. Ita kuwa hukumar duniya ta wasan, World Skate, da aka kafa a 2017 mai mazauni a Lausanne ta Suwizalan, harkar gasa ce tata, ƙungiyar nishaɗi ta unguwa ba sai ta bi ta kanta ba.

Waye memba

Nan ne yawancin rikici ke farawa, sabida kusan kowace ƙungiya a gurup ɗin WhatsApp take haihuwa, kuma shiga gurup ba wuya, wani ya turo lambar abokinsa admin ya saka shi shikenan, bayan wata biyu sai ka ga sunaye sun cika waya amma ranar Lahadi da asuba mutum goma sha ne a fili. Dan haka masu tsari sukan raba mutane. Akwai cikakken memba, wanda sunansa ke cikin littafi yana biyan kuɗin wata kuma ana iya ɗora masa aiki. Akwai sabon shiga mai koyo, shi ba ya hawa titi tukun. Akwai kuma baƙo wanda ya zo hutu daga Yawunde ko Duwala ko ya tsallako gadar Ngeli daga Kuseri da takalminsa a jaka, a karɓe shi hannu biyu amma a gwada shi kaman kowa.

Littafin ba wani abu ba ne, kaye ne irin na 'yan makaranta, a ciki akwai suna da unguwa da shekaru, lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru, da kuma ko mutum na da wata lalura kaman asma ko sikila ko farfaɗiya. Mutane na jin nauyin faɗin wannan na ƙarshen, shi ya sa sakatare kaɗai ya kamata ya riƙe shi shi da shugaban fita, kuma haramun ne a ɗauki hoton shafin a watsa a gurup. Ni a ganina littafin takarda ya fi waya a nan, waya caji na ƙarewa ko a sace ta ko admin ya yi fushi ya fice da komai.

Gwajin hawa titi ba a kan gudu ake yinsa ba, a kan tsayawa ne. Mutum ya iya taka birkin dunduniya wanda yawanci a ƙafar dama yake, ko ya ja ƙafa ɗaya a kwance a baya har ya tsaya cak inda aka ja masa layi, ya iya kwana hagu da dama, ya iya tsallake tudun rage gudu da ɗan yashi ba tare da ya kama rigar na kusa da shi ba. Wanda bai kai nan ba yana zama a fili, filin kwando na makaranta ko farfajiya mai siminti, ana jera masa ƙananan kofunan roba yana zagayawa. A wasan zagaya kofuna na gasa tazarar santimita 50 ce ko 80 ko 120, amma mai koyo a buɗa masa fiye da haka.

Yara da 'yan mata

Wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyaye, kuma ba yardar baki ta wajen yaron ba, dan yaro zai ce maka Baba ya yarda alhali Baba na kasuwa bai san ma akwai takalmin a gidan ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce babba ɗaya daga ƙungiya ya taka har ƙofar gida bayan la'asar, a yi sallama a gaisa, ya ce Alhaji ɗanka ne ke son bin mu, ga inda muke bi ga lokacin da muke dawowa ga lambata. Sau da yawa tambayar uban ɗaya ce, ɗana idan ya faɗi wa zai kai shi asibiti, kuma ƙungiyar da ba ta da amsar wannan a shirye ba ta kai ta ɗauki ɗan kowa ba.

'Yan mata na son wasan sosai amma su ne suka fi saurin janyewa, ba dan faɗuwa ba, dan idon mutane da surutun 'yan bakin titi da ɗaukar bidiyo ba izini. Inda aka samu mace babba, anti ko malama, tana jagorantar lokacinsu daban a fili mai katanga, sukan daɗe. Sai a kula da tsawon hijabi da zani kar su kai taya, dogon wando a ciki da hijabi mai tsayawa a gwiwa ya wadatar.

Kuɗi da kaya

Kuɗin wata ya kamata ya zama kaɗan ta yadda ɗan lise, wato ɗan makarantar sakandare, ko yaron kanikanci zai iya, a ce dala ɗari wato sefa 500, wasu ma a kowace fita suke jefa abin da ya samu kaman adashi. Ana biya hannu da hannu ko ta Orange Money da MTN a Kamaru, Airtel Money da Moov a Cadi, ko ta yaya aka biya dai ma'aji ya rubuta kuma ya karanto lissafi gaban kowa ƙarshen wata, dan kuɗin da ba a karanta lissafinsa shi ke raba abokai. Abin da ake saye da shi ruwan sha ne, akwatin magani mai bandeji da auduga da maganin wanke ciwo, usur, riga mai ɗaukar ido ta masu tsare hanya, man moto mai bin baya.

Yawancin takalman gwanjo ne, suna zuwa da birki a cinye ko ma babu. Taya ta yawo kan kai milimita 76 zuwa 84, ta masu gudu 100 ko 110 har 125, kuma akwai lambar tauri a jiki kaman 82A ko 85A, mai laushi ta fi kama ƙasa amma kwaltarmu mai kaushi da zafi na cinye ta da wuri. Ƙurar hunturu kuma boris take kashewa, wato ƙarfen cikin taya mai sa ta juyawa, kowace taya boris biyu gare ta, sai an riƙa kwancewa ana wankewa ana juya tayoyin dan kar su ci gefe ɗaya. Hular kwano da kariyar wuyan hannu da ta gwiwa da gwiwar hannu su ne kayan kariya, wuyan hannu ne ya fi karyewa a wasan nan sabida duk mai faɗuwa hannu yake kaiwa ƙasa. Ƙungiya mai hankali na ajiye saiti biyu ko uku na aro ga sabon shiga, a rubuta wanda ya ɗauka.

Ranar fita

Zafi ne ke tsara lokaci. A Garwa da Marwa da Injamena cikin Maris da Afrilu rana na wuce digiri 40, dan haka bayan sallar asuba ake tashi a dawo kafin tara, Ngaundere da ke kan tudu ta fi sassauci. Da azumi a koma fili bayan tarawi ko a taƙaita, da damina kuma kwalta mai jiƙa santsi ne da ita kuma ruwa na kwaso yashi ya zube shi gefen titi daidai inda 'yan rola ke bi. Watan Mayu da Yuni 'yan jarabawar sakandare ta BEPC da bak na ɓacewa, wannan ba laifi ba ne, kar a goge sunansu.

Kafin a tashi ana ƙirga kai da ƙarfi kowa na ji, a faɗi hanya da wuraren tsayawa. Mutum ɗaya a gaba ba mai wuce shi, biyu ko uku a gefe suna tare mahaɗa suna ɗaga wa 'yan kilando, wato masu moton haya, hannu, sai mai rufe baya wanda ba ya barin kowa a bayansa ko da kuwa tafiyar kunkuru yaron ke yi. Wannan aikin ba mai so, kowa gaba yake so inda ake ɗaukar hoto, amma wallahi shi ne ƙungiyar, kuma gwani ake ba wa ba rago ba. Na taɓa ganin abin da rashinsa ke jawowa, muna dawowa wata Lahadi mai rufe bayan ya gaji da jira ya shige tsakiya, sai da muka zauna cire takalma aka ƙirga aka ga saura ɗaya, muka koma da moto muka same shi zaune ƙarƙashin darbejiya kusoshin taya ɗaya sun fita, gwiwa na jini, ya rungume takalmin a ƙirji da safa kawai a ƙafa, abin da ya ce kawai shi ne Yaya na yi ta kira ba ku ji ba. Shekararsa 12. Bai sake zuwa ba kuma har yau abin na ci na a rai.

Ladabtarwa

Laifin da ya fi kowanne shi ne kama bayan moto ko mota ko keke mai ƙafa uku a ja mutum, direba ya taka birki ko taya ta faɗa rami shikenan. Yawanci gargaɗi ɗaya ake yi sannan dakatarwa, ko da mai laifin shi ya fi kowa iyawa, dan ƙananan shi suke kallo. Sai sa abin jin waƙa a kunne kan titi, da tsere cikin jerin gwano, da zagin masu moto. A kira mutum gefe a yi masa magana gaban shugaba da wani babba ɗaya, ba a gurup ba inda kowa zai sa baki. Wanda kuma ya yi sati uku ba a gan shi ba a kira shi a ji lafiya kafin a yi maganar bashin kuɗin wata, sau da yawa takalmin ne ya lalace yana jin kunyar faɗa.

Matsayi a doka

A Kamaru dokar 19 ga Disamba 1990 kan 'yancin kafa ƙungiya ita ce tushe, ana kai takardar sanarwa da kundin dokokin ƙungiya da sunayen shugabanni ofishin firefe, wato shugaban mulkin yanki, a karɓo takardar shaida, harkar wasanni kuma na da tata dokar ta Yuli 2018 wadda ta shafi masu son shiga gasa a hukumance. A Cadi sai an nemi izinin hukuma kafin ƙungiya ta fara aiki da sunanta. Ƙananan rukunoni da dama na tafiya ba takarda, amma da zarar an fara tara kuɗi ko ana son fita da mutane masu yawa kan babban titi, kaman wanda ke bi ta wajen filin wasa na Rumde Ajiya a Garwa ko kewayen dandalin Place de la Nation a Injamena, toh a sanar da 'yan sanda da ofishin magajin gari tun da wuri, a kuma gaida jauro ko bulaman unguwar da ake atisaye a cikinta, shi ne zai tsaya muku ranar da maƙwabta suka kawo ƙarar hayaniya.