Waiwaye: Yadda zanen rayuwar talakawa ya zama fuskar Sifaniya

A watan Maris na 1766 mutanen Madrid suka yi bore saboda ministan Sarki Carlos na Uku, Esquilache, ya haramta doguwar alkyabba da malafa mai faɗin baki. Sutura ce, amma ta zama shaidar ɗan ƙasa a gaban fadawa masu kwaikwayon Faransa.

Daga 1775 zuwa 1792 mai zane Francisco Goya ya yi zane kusan 63 domin masaƙar sarki ta Santa Bárbara. Aikin mataki biyu ne: ya zana hoton da fentin mai a kan kyalle daidai girman bangon da za a rufe, sannan masaƙa su kwafe shi da zaren ulu da siliki. Nan ake samun cikas, domin zare ba ya ɗaukar inuwa da siraran launuka kamar buroshi. A 1778 sai da aka mayar masa da zanen makaho mai jita ya gyara. Abin da ya zana kuwa 'yan kwalisar unguwannin Madrid ne, da 'yan talla, da masu wanki, kuma a ɗakunan 'ya'yan sarki aka rataye yawancin hotunan da aka saƙa.

Wannan salo na zana rayuwar talakawa shi ake kira kostumbirismo. Bayan yaƙi da sojojin Napoleon na 1808 zuwa 1814 ya sami kasuwa, kasuwar ce kuma ta karkatar da shi. Masu zane a Sebiya, babban birnin yankin Andalus, irin su José Domínguez Bécquer, sun riƙa yin ƙananan hotuna masu sauƙin ɗauka ga matafiya Ingilishi, matafiyan kuma hotunan 'yan rawa da masu wasa da bijimi suke so. Da haka Andalus, yanki guda, ta tsaya a madadin ƙasa mai harsuna da yawa. Wannan babbar asara ce ga masunta na Galisiya da ma'aikatan masaƙun Kataloniya.

An yi ƙoƙarin faɗaɗa hoton. A 1865 gwamnati ta ba mai zane Valeriano Bécquer tallafi ya zaga larduna kamar Soria da Abila yana zana tufafin mutanensu, amma juyin juya halin 1868 ya yanke kuɗin. A 1911 mai zane Joaquín Sorolla ya sa hannu a yarjejeniya da attajirin Amurka Archer Huntington, ya gama manyan zane 14 na yankunan Sifaniya a 1919. Ko a nan, biyar na Andalus ne.

Wannan hoto na Andalus gwamnatin Franco, shugaban Sifaniya na lokacin, ta ɗauka a shekarun 1960 ta tallata wa 'yan yawon buɗe ido, ƙarƙashin minista Manuel Fraga.