Ƙibar yara a ƙasar Sin ta samo asali ne daga yadda yaro ke wuni

Da la'asar, idan an kusa tashi daga makarantar firamare a manyan biranen ƙasar Sin irin su Beijing da Guangzhou, ƙofar makarantar kan cika maƙil da tsofaffi, domin iyaye suna wurin aiki, kakanni ne ke zuwa ɗaukar jikoki. Da yaro ya fito, kakarsa za ta karɓe jakar littattafansa ta rataya a kafaɗarta, ta miƙa masa abin taɓawa da ta riƙo masa, soyayyen abu ne ko biredi mai zaƙi ko kwalbar lemo, sannan ta ɗora shi a bayan babur mai aiki da lantarki su nufi gida, inda aikin makaranta ke jiransa har dare. Babu mai kallon wannan tsohuwa ya ce ba ta ƙaunar jikanta. Amma mu da aikinmu shi ne awon yara da duba lafiyarsu, abin da muke gani a wannan ɗan lokaci shi ne yaron da bai taka da ƙafarsa ba, bai ɗauki ko jakarsa ba, ya ci abin da jikinsa bai nema ba, kuma zai koma ya sake zama bayan ya wuni a zaune.

Tun daga shekarar 1985 ƙasar Sin ke gudanar da babban awon lafiyar ɗalibai a duk faɗin ƙasar, kusan duk bayan shekara biyar, ana auna tsawo da nauyi da ƙarfin huhu da gudu da gani. A awon farko, yaran da nauyinsu ya wuce ƙima ba su fi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. A watan Disamba na 2020 kuwa, Hukumar Lafiya ta Ƙasa ta fitar da rahoto da ya nuna cewa kashi 19 cikin ɗari na 'yan shekara 6 zuwa 17 nauyinsu ya wuce ƙima ko kuma suna da ƙiba sosai, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane biyar, sannan a cikin 'yan ƙasa da shekara 6 adadin ya kai kashi 10.4 cikin ɗari. Matsalar ta fi yawa ga maza a kan mata, ta fi yawa a lardunan arewa irin su Shandong da Hebei a kan na kudu, kuma ƙauyukan da a da ake yi musu kallon wuraren ramammun yara su ne yanzu adadin ke ƙaruwa da sauri a cikinsu. Yaran yau sun fi na 1985 tsawo, wannan abin farin ciki ne, sai dai shekaru masu yawa awon ya riƙa nuna raguwar juriyarsu a gudun mita 800 na mata da mita 1,000 na maza.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda yake son fahimtar wannan al'amari sai ya fara daga kakannin nan na ƙofar makaranta. Da yawa daga cikinsu an haife su ne dab da babbar yunwar da aka yi daga 1959 zuwa 1961, wadda ta hallaka miliyoyin mutane, ko kuma sun tashi a shekarun da suka biyo baya, lokacin da hatsi da man girki da nama sai da takardar rabo ake samu. Mutumin da ya san kwana da yunwa yana yaro, ba zai iya kallon jikansa ya bar abinci a kwano hankalinsa ya kwanta ba. A kan wannan sai ga dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga kusan 1980 har zuwa ƙarshen 2015, ta mayar da gidaje da yawa zuwa kakanni huɗu da iyaye biyu da yaro tilo, har Sinawa da kansu suka laƙaba wa irin wannan ɗan lele sunan "ƙaramin sarki". Manya shida suna gasar faranta wa yaro ɗaya rai, kuma hanya mafi sauƙi ta nuna ƙauna ita ce abinci. Al'ada ma ta goyi bayan haka, domin zanen da ake liƙawa a gidaje lokacin sabuwar shekara yakan nuna jariri ɓul-ɓul rungume da kifi a matsayin alamar arziki, kuma kalmar da ake faɗa wa babba cikin ladabi idan ya yi jiki tana ɗauke da ma'anar samun albarka. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu, tunda mu ma idan muka ga yaro ya yi kumatu cewa muke yi yana samun kulawa, idan kuma magidanci ya ajiye teɓa sai a ce daɗi ya zauna.

Abincin shi ma ya sauya cikin ƙanƙanin lokaci. Kamfanin KFC ya buɗe shagonsa na farko a Beijing a 1987, McDonald's ya biyo baya a Shenzhen a 1990, kuma nan da nan kai yaro cin soyayyar kaza ya zama tukuicin cin jarrabawa. Amma kuskure ne a ɗora laifin duka a kan abincin Turawa, saboda girkin gida ma ya ƙara mai da nama, ga kuma shayin madara mai zaƙi da ake sayarwa a kowane lungu, wanda matasa ke sha kamar ruwa. Gwangwanin lemo guda mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, alhali ƙa'idar cin abinci ta ƙasar Sin ta 2022 ta ce gwamma sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce giram 25 a wuni, wato kimanin ƙaramin cokali shida. Yaron da ya sha gwangwani ɗaya a hanyar gida ya riga ya wuce kasonsa na ranar kafin ya zauna cin abincin dare.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikacin lafiya shi ne zama, domin shi ne ba a ganinsa a matsayin cuta. Rayuwar ɗalibi a ƙasar Sin tana tafiya ne zuwa ga jarrabawa biyu, wadda ake kira zhongkao ta shiga babbar sakandare, da gaokao ta shiga jami'a da ake yi a watan Yuni, kuma iyaye sun yi imani cewa makomar ɗansu tana rataye a kan makin da zai samu. Saboda haka yaro yakan wuni a aji, ya wuce darasin ƙari, ya dawo ya duƙufa a kan aikin gida, idan ya sami sarari kuma ya ɗauki waya. Har hutun minti goma da ke tsakanin darasi da darasi ya zama abin muhawara a ƙasar a 2023, lokacin da ta bayyana cewa makarantu da yawa suna hana yara fita tsakar makaranta don gudun kada wani ya faɗi ya ji rauni iyaye su kai ƙara. Barci kuma shi ne ke biyan bashin duk wannan. Yaron da bai sami isasshen barci ba, sinadaran jikinsa masu sanar da yunwa da ƙoshi suna rikicewa, washegari ya tashi da kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ga kasala da ke hana shi motsi. Idanu ma ba su tsira ba, domin ƙididdigar hukuma ta 2018 ta nuna kashi 53.6 cikin ɗari na yara da matasan ƙasar ba sa ganin nesa sai da tabarau. Wani bincike da aka yi a makarantun Guangzhou ya nuna cewa ƙarin minti 40 a waje kowace ranar makaranta ya rage yawan yaran da ke kamuwa da wannan raunin gani cikin shekara uku, wato fitar da yaro cikin hasken rana magani ne ga ido da jiki a lokaci guda.

Ƙibar yaro ba ta jira sai ya girma kafin ta fara ɓarna. Na taɓa ganin uwa ta kawo ɗanta mai shekara goma sha ɗaya tana ƙorafin cewa bayan wuyansa ya yi baƙi ya yi kauri, ta dirza da soso da sabulu har fatar ta yi ja amma dauɗar ta ƙi fita. Ba dauɗa ba ce. Alama ce cewa jikin yaron ya fara ƙin sauraron insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, matakin da ke gaban ciwon suga. Likitocin yara a Sin suna ganin irin wannan, tare da kitse a hanta, da hawan jini, da minshari mai yanke numfashi cikin barci, da balaga kafin lokaci musamman ga 'yan mata. Ga kuma tsokanar abokai, wadda ke sa yaro ya ƙi fita filin wasa, nauyin ya ƙaru, tsokanar ma ta ƙaru. Yawancin waɗanda suka shiga shekarun balaga da ƙiba suna ɗauke da ita har girma.

Hukumomin ƙasar ba su naɗe hannu ba. A watan Oktoba na 2020 ma'aikatu shida suka fitar da shirin yaƙi da ƙibar yara, wanda burinsa shi ne rage saurin ƙaruwar matsalar da kashi 70 cikin ɗari zuwa 2030, kuma ya kamata a lura cewa saurin ƙaruwa aka ce za a rage, abin da ke nuna sun san girman aikin. Shekarar 2021 ta zo da dokoki a jere: an hana ɗalibai shiga aji da waya, an ce ɗan firamare ya sami barcin awa 10, ɗan ƙaramar sakandare awa 9, ɗan babbar sakandare awa 8, sannan a watan Yuli aka taƙaita darasin ƙari na kuɗi da aikin gida, ta yadda 'yan aji ɗaya da biyu ba a ba su aikin rubutu su kai gida, 'yan aji uku zuwa shida kuma kada nasu ya wuce minti 60. A watan Agusta aka taƙaita wasannin intanet ga 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Lardin Yunnan ya ɗaga makin motsa jiki a jarrabawar zhongkao zuwa 100, daidai da na lissafi. A 2024 Beijing ta mayar da hutun tsakanin darasi minti 15, Shanghai ta fara gwajin sanya wa abin sha alamar A zuwa D gwargwadon sukari da kitsensa, kuma yanzu manufar ƙasa ita ce ɗalibi ya sami awa biyu na motsa jiki kowace rana.

Ina yaba yawancin waɗannan matakai, musamman na barci da na hutun tsakanin darasi, amma ina da ja a kan mayar da motsa jiki jarrabawa. Da zarar an sanya wa tsallen igiya maki, sai ga iyaye suna biyan kuɗin darasin tsallen igiya, kuma yaron da ya koyi gudu don tsoron faɗuwa jarrabawa yakan ajiye gudun ranar da aka gama jarrabawar. Haka nan sansanonin rage ƙiba da ake kai yara lokacin hutu, inda ake matsa musu su zubar da nauyi cikin 'yan makonni, ba su da amfani mai ɗorewa idan yaron zai dawo gidan da bai sauya ba. Aikin da ya fi burge ni shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Birmingham ta Birtaniya da abokan aikinsu na Guangzhou suka gwada a makarantun firamare 40 na birnin, inda suka gayyato kakanni cikin shirin, aka zauna da su aka yi musu bayanin cewa jikan da ya yi ɓul-ɓul ba lallai ne ya zama mai lafiya ba, aka gyara abincin rana na makaranta, aka ƙara wasanni. Bayan shekara guda yaran makarantun da aka yi shirin sun fi sauran daidaiton nauyi. Sun yi nasara ne saboda sun je wurin mai riƙe da ludayi, kuma sun yi mata magana da girmamawa.

Ga iyaye da kakanni, a Sin suke ko a Kano ko Maraɗi inda lemon kwalba da wayar hannu suka riga suka shiga ɗakin yara, abin yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa ya yi haki, kuma ba dole ne a yi shi a lokaci guda ba, tafiya makaranta da ƙafa da ƙwallo da tsere da aikace-aikacen cikin gida irin su shara duk suna shiga lissafi. Ɗan ƙasa da shekara biyu kada a ba shi waya ko a zaunar da shi gaban talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a wuni. A mayar da ruwa abin shan gida, lemo ya zama na ranar biki. Idan yaro ya ce ya ƙoshi a ƙyale shi, kada a bi shi da cokali, kuma kada a mayar da alewa ladan kirki. A tsayar da lokacin kwanciya, a fitar da waya daga ɗakin barci.

Kada kuma a sa yaro yunwa ko a ba shi maganin rage ƙiba da aka saya a kasuwa, domin jikin da ke girma yana buƙatar abincinsa cikakke, kuma sau da yawa abin da muke nema shi ne nauyin ya tsaya tsawo ya cim masa. Kada a kira shi da sunan tsokana a gaban 'yan uwansa, kada a ware masa kwano dabam alhali kowa na cin abin da aka hana shi, gidan gaba ɗaya ne zai sauya girki. A kai shi awon tsawo da nauyi aƙalla sau ɗaya a shekara, a ajiye katin awon, domin ma'aikacin lafiya yana kwatanta nauyin yaro ne da shekarunsa da jinsinsa, ma'aunin manya ba ya aiki a kansa. Idan kuwa aka ga baƙin nan a bayan wuya ko hammata, ko yaro yana yawan shan ruwa da fitsari, ko yana minshari har numfashinsa na ɗaukewa, a ajiye soso a kai shi asibiti cikin makon, a nemi a duba sukarin jininsa da hawan jini da lafiyar hantarsa.