Waiwaye: Yadda batun UFO ya faro da inda ya kwana

Ranar 24 ga Yunin 1947 wani ɗan kasuwa mai suna Kenneth Arnold yana tuƙa ƙaramin jirginsa kusa da tsaunin Rainier a jihar Washington ta Amurka, sai ya hango abubuwa tara masu ƙyalli suna tafiya a jere. Ya duba agogo, ya ga cikin minti ɗaya da daƙiƙa 42 sun tashi daga Rainier sun kai tsaunin Adams, tazarar da ta kusa mil 50. Da ya buga lissafi sai ya sami gudun kusan mil 1,700 a awa, alhali a lokacin babu jirgin da ya taɓa zarce gudun sauti. Ya shaida wa 'yan jarida cewa tafiyarsu irin ta farantin da aka wurga a kan ruwa ce, yana tsalle-tsalle. Jaridu suka buga cewa an ga farantai masu tashi, kuma kafin wata ya zagayo rahotanni ɗaruruwa sun shigo daga sassan ƙasar.

Lissafin Arnold kaf ya rataya ne a kan zato guda, cewa abubuwan suna can daf da tsaunukan, sama da mil 20 daga inda yake. A sararin sama, inda babu gini babu bishiya, ido ba ya iya auna nisan abin da bai san girmansa ba. Abu mai faɗin ƙafa ɗaya a nisan mil ɗaya, da mai faɗin ƙafa 20 a nisan mil 20, girmansu ɗaya ne a ido. In aka kuskure nisa, an kuskure girma, an kuskure gudu. Duk wanda ya taɓa zama a kan fayilolin UFO, wato abubuwan da aka gani a sama ba a tantance su ba, ya san a nan mafi yawan binciken yake tsayawa.

Makonni biyu bayan Arnold aka yi abin Roswell. Wani makiyayi a jihar New Mexico ya tsinci tarkace a filin kiwo: yagaggiyar roba, takardar gwangwani mai sheƙi, 'yan sanduna da salatif. Ranar 8 ga Yuli sansanin sojin sama na Roswell ya fitar da sanarwa cewa ya samu faranti mai tashi. Kafin gari ya waye Janar Roger Ramey ya janye maganar, ya ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Zance ya mutu murus na shekara 30, sai a 1978 da Jesse Marcel, jami'in leƙen asirin da ya kwaso tarkacen, ya fara cewa abin ba na duniyar nan ba ne. Daga nan labarin ya riƙa tsiro da rassa, har da gawarwakin da babu wanda ya ambace su a 1947.

A 1994 rundunar sojin saman Amurka ta yarda cewa ba a faɗi gaskiya ba tun farko. Ta ce tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, inda ake ɗaura balan-balan da yawa a igiya mai tsawon sama da ƙafa 600, ɗauke da na'urorin sauraro, domin jiyo ƙarar gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet daga can sama. Bayanin ya yi daidai da irin tarkacen da aka tsinta. Amma ya kuma ba masu zargi abin riƙewa: hukumar da ta ɓoye wannan shekara 47, me kuma ta ɓoye?

Rufa-rufar yaƙin cacar baka har rai ta ci. A Janairun 1948 Kyaftin Thomas Mantell ya bi wani farin abu a samaniyar jihar Kentucky, ya haura ƙafa 20,000 ba tare da iskar oksijin ba, ya suma, jirginsa ya rikito. Mafi rinjayen bayani shi ne balan-balan ɗin Skyhook na sojin ruwa ya bi, wanda faɗinsa kan kai ƙafa 100, kuma matuƙa ba su san da zamansa ba.

A Yulin 1952 na'urorin rada na birnin Washington suka riƙa nuna ɗigo-ɗigo a kan fadar shugaban ƙasa da majalisa, ƙarshen mako biyu a jere. Aka tayar da jiragen yaƙi, ba su kama komai ba. Bayanin da sojoji suka bayar shi ne juyewar zafi: wani lokaci iska mai ɗumi kan kwanta a kan mai sanyi, sai ta lanƙwaso igiyar rada zuwa ƙasa, ta daki gini ko mota ta dawo, allo ya nuna abin kamar yana sama. Wasu ma'aikatan radar ba su gamsu ba. A wannan shekarar kaɗai rahotanni 1,501 aka karɓa. Abin ya tayar wa hukumar CIA hankali, don tana tsoron kada rahotannin su toshe layukan sadarwar soja a ranar da Sobiyet za ta kawo hari na gaske. Kwamitin masana da ta kafa a Janairun 1953 ƙarƙashin H. P. Robertson ya ba da shawarar a rage wa batun kwarjini a idon jama'a. Da wannan shawara ta fito fili daga baya, sai ta zama wata hujjar ga masu cewa akwai lauje cikin naɗi.

Sai ga jirgin leƙen asiri na U-2 daga 1955. Jiragen fasinja na zamanin tsakanin ƙafa 10,000 zuwa 20,000 suke tafiya, shi kuwa yana haura 60,000. Da almuru, matuƙin fasinja ya riga ya shiga duhu, amma can samansa rana tana dukan fukafukan U-2 masu launin azurfa, sai ya ga kamar garwashi a tsayin da ya yi imani babu jirgin da ke kaiwa. Masu bincike kan duba jadawalin tashin U-2 su gane ko mene ne, amma doka ba ta ba su damar faɗa ba, sai su ce ƙanƙarar sama ce ko wani abu na yanayi. Sansanin da aka gwada jirgin a hamadar Nevada shi ne Area 51, wanda sai a 2013 CIA ta amsa sunansa a takarda.

Ofishin binciken UFO na sojin saman Amurka da ya fi daɗewa shi ne Blue Book, daga 1952 zuwa 1969. Rahotanni 12,618 ne a kundinsa, 701 suka rage ba a tantance ba. Sauran taurari ne, jirage, balan-balan, tsuntsaye, gajimare, da ƙarya tsagwaronta. Tauraruwar Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, ta fi kowa laifi. Tana fitowa ƙasa-ƙasa bayan magariba ko kafin asuba, ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, kuma in mutum ya ƙura wa haske guda ido a cikin duhu, 'yar rawar da ƙwayar ido ke yi sai ta sa ya ga hasken yana motsi. Bayan Jami'ar Colorado ta yi nazari ƙarƙashin Edward Condon ta ce ci gaba da binciken ba zai ƙari kimiyya da komai ba, aka rufe ofishin. Sai dai masanin taurarin ofishin, J. Allen Hynek, wanda ya shiga aikin yana mai ƙaryatawa, ya fita yana cewa an yi wa wasu rahotannin riƙon sakainar kashi. Yana da gaskiya a nan, domin ma'aikatan ba su taka kara sun karya ba, kuma an fi son a rufe fayil da a buɗe shi.

Faransa ta bi wata hanya. Tun 1977 hukumar sararin samaniyarta take da sashe na musamman, wanda yanzu ake kira GEIPAN, kuma a 2007 ta zuba fayilolinsa a intanet. Hikimarsu ita ce raba abin da aka kasa ganewa saboda ƙarancin bayani da wanda aka kasa ganewa duk da cikakken bayani. Rukuni na biyun bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

A gefe guda labarin ya sauko daga sama ya shiga ɗakin kwana. Betty da Barney Hill, miji da mata, sun ce wasu halittu daga wata duniya sun ɗauke su a kan hanyar New Hampshire a Satumban 1961. Cikakken labarin bai fito ba sai a 1964, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Benjamin Simon ya riƙa sa su cikin yanayi mai kama da barci yana yi musu tambayoyi, kuma shi kansa ya karkata ga cewa mafarkan Betty ne tushen abin. Yau an san wannan hanya tana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai faru ba. Da yawa daga labaran da suka biyo baya siffar dannau gare su: mutum ya farka, jiki ya ƙi motsi, ƙirji ya yi nauyi, ya ji akwai wani a ɗakin. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa kan kulle gaɓoɓi lokacin mafarki, wani sa'in kuma hankali ya riga jiki farkawa.

Na makarantar Ariel da ke Ruwa a Zimbabuwe ya fi wuyar turewa. Ranar 16 ga Satumban 1994 yara 62 suka ce sun ga wani abu ya sauka a bayan filin wasa, da halittu masu manyan idanu. Babu babba ko ɗaya a wurin. Kwana biyu kafin nan wani ɓangaren rokar Rasha ya ƙone a samaniyar kudancin Afirka, gari ya ɗauka da zancen UFO. An kuma fara yi wa yaran tambayoyi a rukuni, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa ke faɗa, likitan Harvard John Mack kuwa sai bayan wata biyu ya iso. Wannan bai mai da yaran maƙaryata ba, amma ya sa ba za a ƙidaya shaidarsu a matsayin 62 masu zaman kansu ba.

Ra'ayin da ya yi tashe daga 1968, cewa baƙi daga wata duniya ne suka gina dalar Masar, ba ya buƙatar dogon zance, ga kuma raini a cikinsa. An tono unguwar ma'aikatan Giza da gidajen burodinsu da kaburburansu, kuma a 2013 aka samu kundin wani shugaban leburori mai suna Merer, yana lissafa jigilar duwatsu a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza.

Masana taurari ba su musanta yiwuwar rayuwa a wani wuri ba. Tun 1960 Frank Drake ya fara sauraron taurari da na'urar rediyo, kuma daga shekarun 1990 zuwa yau an tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurarin. Inda gizo ke saƙar shi ne tazara. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske kansa sai ya yi shekara 4.2 kafin ya isa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa, sai ya shafe sama da shekara 70,000.

Batun ya sake tashi a Disamban 2017, da jaridar New York Times ta fallasa cewa ma'aikatar tsaron Amurka ta kashe dala miliyan 22 a wani shirin bincike kan UFO. Bidiyo uku na jiragen sojin ruwa suka fito, ma'aikatar tsaron ta tabbatar da su a Afrilun 2020. Ɗaya daga ciki, wanda ake kira GoFast, yana nuna wani farin ɗigo kamar yana tsala gudu daf da ruwan teku. Amsar tana rubuce a gefen allon. Jirgin yana tsayin ƙafa 25,000. Kyamara ta sunkuya digiri 26. Nisan abin mil 4.4 na teku, wato kimanin ƙafa 26,700. Lissafin kusurwa ya nuna abin yana ƙasa da jirgin da ƙafa 11,700 ne kawai, ke nan yana tsayin kusan ƙafa 13,000, rabin hanya tsakanin jirgi da ruwa. Gudun da ake gani na jirgin ne: kyamara ta kafe a kan abin, teku kuma yana zamewa a bayansa, kamar yadda mai tafiya a mota kan ga turakun bakin titi suna gudu. Kwamitin NASA ya ƙiyasta gudunsa da kimanin mil 40 a awa, daidai da abin da iska ke kaɗawa a wannan tsayin.

Wani lamari na 2004 ya bambanta. Kwamanda David Fravor na jirgin ruwan Nimitz da abokan aikinsa uku sun ce da idonsu suka ga wani farin abu mai siffar ƙwayar magani, babu fiffike babu hayaƙi, bayan radar jirgin Princeton ta yi kwanaki tana ganin ɗigo-ɗigo. Ainihin bayanan radar ba su fito ba, don haka babu wanda zai iya yi masa irin lissafin GoFast.

Rahoton hukumomin leƙen asiri na Yunin 2021 ya duba abubuwa 144, guda ɗaya kacal ya tantance, wani balan-balan da ya sace. A 2022 aka kafa AARO, ofishin ma'aikatar tsaro mai binciken irin waɗannan rahotanni. A Fabrairun 2023, bayan an kakkaɓo wani balan-balan na ƙasar Sin da ya shiga samaniyar Amurka, sojoji suka sassauta matatar radarsu, wadda a da take watsar da ƙananan abubuwa masu tafiyar hawainiya, nan take suka fara ganin abubuwa birjik, har suka harbo uku cikin kwana uku. Ga kuma taurarin ɗan'adam na Starlink, waɗanda tun Mayun 2019 ake ganinsu a jere bayan faɗuwar rana.

A Yulin 2023 tsohon jami'in leƙen asiri David Grusch ya yi rantsuwa a gaban majalisa cewa gwamnati tana riƙe da tarkacen jiragen baƙi da gawarwaki, amma ya ce ji ya yi daga wasu. A Maris ɗin 2024 AARO ta ce ta bi diddigin zarge-zargen tun daga 1945, ba ta sami hujja ba, ta kuma lura cewa mutane ƙalilan ne ke ta maimaita wa juna labari ɗaya. Akwai wani guntun ƙarfe na magnesiyam da aka daɗe ana cewa daga tarkacen 1947 ya fito. Aka kai shi ɗakin gwaji na Oak Ridge, aka auna ma'aunin nau'o'in ƙwayoyin zarrarsa, domin ƙarfen da aka haƙo a kewayen wani tauraro ana sa ran ma'auninsa ya saɓa da namu. Sakamako ya nuna na duniyar nan ne.